Aljanin da Na Saka a Injin Motar Kakana

Ina gaida masu wannan fili da masu karanta shi. Ban taɓa rubuto muku ba, don ni da baki aka san ni, ba da biro ba. A shekarar da abin nan ya faru ina aji uku na ƙaramar sakandare a Kazaure, 'yar siririya kamar sillen kara, bakina ya fi jikina nauyi. Idan na ga ɓera a ɗakin girki, kafin in kai tsakar gida ya zama gafiya, kafin labarin ya isa Islamiyya ya zama ɗan akuya mai doguwar wutsiya. A lokacin ban ɗauki abin ƙarya ba, gishiri na ɗauke shi, kuma a ganina labari ba ya daɗi sai an barbaɗa masa. Kakana na wajen uba, wanda muke kira Baba Tsoho, shi ya raɗa mini suna Gidan Rediyo. Da na yi sallama zai ce kowa ya yi shiru an buɗe tasha, ni kuma in ce masa ai gara rediyo da tsohon kaset mai cinye zare. Haka muke da shi, wasan jika da kaka, ba mai shiga tsakani.

Baba Tsoho direba ne tun kafin a haifi babanmu. Motarsa doguwa ce mai kujeru layi uku. An ce fara ce a da, amma a zamanina launinta ya danganta da ƙofar da ka tsaya kusa da ita. Ba ya zuwa tasha yana rububin fasinja da samari, don shi fasinjansa mata ne: masu kawo nono da man shanu daga rugagen wajen Gwiwa da Roni, masu zuwa awo asibiti, 'yan biki da 'yan suna. Mazansu sun yarda da shi saboda ba ya gudu, ba ya kunna waƙa, kuma madubin tsakiya ma juya shi ya yi yana kallon rufi. Ya san wadda mota ke sa ta amai, ya ajiye mata gefen taga. Ya san surukan da ba sa ga maciji da juna, ya sa buhu a tsakaninsu. Ni kuwa duk ranar da babu makaranta kujerar gaba tawa ce, ba don ina wani aiki ba, sai don in cika masa kunne. Har yau idan na ji warin fetur ya haɗu da na man shanu da goro, sai in ji kamar ina cikinta muna gangarowa daga duwatsun Roni da hantsi. Yana da wata ɗabi'a da ba ya fashi. Kowace safiya idan ya tayar da motar sai ya fito ya zagaya gabanta ya tsaya, sai ka ga babbar rigarsa ta manne a hancin motar, iskar da fanka ke zuƙa ta jawo ta. Ni kuma in yi ta ihu ina kiran kakata, wadda muke ce wa Hajja, in ce ta fito ta gani, wata ta riƙe wa tsohonta riga a ƙofar gida.

Wata rana da shigowar bazara injin ya mutu a hanyar Yankwashi. Ya daɗe yana hayaƙi yana tari, ranar dai ya yi wata ƙara kamar an jefa tukwane a rijiya, ya yi shiru. Da aka jawo ta gida, Baffa, wato babban ɗan Baba Tsoho da ke aiki a Kano, ya zo ya durƙusa ya ce don Allah Baba ya huta haka, shekaru sun ja, a kira 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe su auna ta su tafi da ita. Baba Tsoho ya ce to madalla, amma su zo da babban sikeli, don tare da shi za su auna. Aka yi ta magana har Hajja ta shiga tsakani, aka tsaya a kan cewa Baffa zai sayo wani injin ɗan Kwatano a ɗora. Sai dai Baffa ya kafa sharaɗi a gaban kowa: idan har ruwan farko ya sauka motar nan ba ta daina ba da wahala ba, to Baba zai ajiye makulli, ita kuma ta tafi. Baba Tsoho ya amsa, don a ganinsa sabon inji ai sabuwar rayuwa ce.

Injin da aka kawo ba irin na motar ba ne, dangi ne dai na nesa. Bakaniken da ke yi masa aiki a bayan tasha ya yi yanka, ya yi walda, ya yi dabarar da sai a ƙasar nan, har ya zaunar da shi. Tsohon injin shi ke juya fankarsa da bel, wannan kuwa fankarsa ta lantarki ce, don haka aka kira mai wayarin. Shi kuma ya yi abin da ake yi wa kowace mota a wajenmu, ya haɗa fankar kai tsaye da makulli, yadda da ka murɗa za ta fara juyawa ba tsayawa, saboda zafin garinmu ba ya jiran sai inji ya nemi iska. Ina wurin ranar da aka gwada. Aka murɗa makulli, fanka ta ɗauki gurnani kamar injin markaɗe, kowa ya gyaɗa kai. Bakanike ya ce wannan fankar ko tanderu aka sa mata sai ta huce shi. Ba wanda ya tambayi komai bayan wannan, don a gareji da kunne ake duba fanka. Tana ƙara? Tana ƙara. Shi ke nan.

Fitarmu ta farko ba zan manta da ita ba. Mun ɗauko mata cike daga wajen Gwiwa, rana ta take, sai Baba Tsoho ya ce bari ya nuna musu sabon zamani, ya murɗa abin da ke huro iska cikin mota. Abin da ya fara fitowa ɓawon gyaɗa ne, sai auduga, sai wani abu da har gobe nake rantsuwa gadon ɓera ne da matashinsa. Bayan su kuma sai iska mai zafi kamar an buɗe bakin tanda. Ya mayar da abin ya kashe, amma zafin bai daina tsiyayowa ta wajen ƙafafunmu ba. Man shanun wata baiwar Allah ya narke a ƙwarya tana kallo tana salati. Ya danna hon don ya kori tumaki, hon ɗin ya yi wani kuka siriri, tumakin suka tsaya suna amsa masa. Baba Tsoho kuma ba ya tuƙi da takalmi, sai ga shi yana ɗage ƙafa daga totur yana cewa abin na ƙona shi, ga kuma ƙaurin waya. Muna fara hawan tudun da ke kafin Roni allurar zafi ta miƙe ta kwanta a ja, tururi ya turnuƙe bonet. Muka fito muka zauna a gindin wata kuka, muna jiran lagireto ya huce a zuba ruwa. Washegari a wannan tudun ta sake tafasa. Jibi ma haka, kamar ta yi alkawari da wurin.

A wannan makon aka yi suna a unguwarmu, tsakar gida cike da mata, wata ta tambaye ni wai me ya sami motar tsohona. Da na ce ban sani ba da na huta, da kowa ya huta. Amma ga taro, ga kunnuwa, ga ni. Na gyara zama na ce ai injin daga ƙasar ƙanƙara ya zo, kuma da mai shi ya zo, wani aljani Bature da ya ƙi fita. Na ce shi ke hura wuta a cikin mota don har yanzu ji yake sanyi ake yi, tausayin fasinja yake ji. Na ce hon ɗin muryarsa ce, Hausa yake koyo bai iya ba tukuna. Da aka ce to tafasar fa, sai na ce ai Bature ba ya wasa da lokacin shan shayi, da an kai tudun Roni yake ɗora tukunya, mu kuma sai mu jira ya gama. Na tashi na kwaikwayi yadda yake kurɓa yana ɗaga ɗan yatsa. Mata suka yi ta faɗuwa a kan tabarma, wata har da hawaye, mai jego tana riƙe ciki tana roƙona in bari. Wallahi ranar ji na yi kamar an naɗa ni sarauta. Na maimaita shi a makaranta, na maimaita a wajen ɗiban ruwa, kullum kuma Baturen yana ƙara tsawo.

Ni ina can ina raba labari, Baba Tsoho yana can gareji yana bin matsalolin ɗaya bayan ɗaya. Ta wuta aka fara ganowa. Akwai wata kakkaurar waya da ke haɗa inji da ƙarfen jikin mota, ta nan wuta ke komawa batir. Da aka cire tsohon inji an kwance ta, da aka ɗora sabo aka manta ta tana reto. Da wutar ta rasa hanyarta sai ta riƙa bin wayar totur, shi ya sa take zafi har ta kai ga tafin ƙafarsa. Aka ɗaure ta, aka kankare tsatsar wasu wayoyin, hon ya dawo da muryarsa ta maza, fitilu suka daina lumshewa. Sai iskar zafi. Ashe motar tana da hita tun asali, wani ɗan ƙaramin lagireto a ɓoye a gaban ƙafafun direba, wanda aka toshe tun Baba Tsoho yana da baƙin gemu. Bakanike ya ga bututu biyu a jikin sabon injin, ya ga baki biyu a jikin mota, ya ce ai Allah ne ya haɗa su, ya jona. Ruwan zafin inji ya riƙa zagayawa ta cikin ɗakin fasinja. Aka cire bututun aka haɗa su da juna, cikin mota ya huce.

Sai dai abin mamaki, daga ranar da aka kashe hitar tafasar ta ƙaru. Da sai a tudun Roni, yanzu ko hanyar Achilafiya da take shimfiɗe ba ta kaiwa. Daga baya na fahimci cewa hitar nan tana rage wa injin zafi ne tana sauke shi a kan fasinja, da aka rufe ta sai zafin ya rasa inda za shi. Amma a lokacin ba wanda ya gane. Aka wanke lagireto, aka canja murfinsa, aka canja famfon ruwa. Abin da ya fi ɗaure musu kai shi ne, a gareji za a bar ta a kunne har a ci abinci a yi sallah, allura ba ta motsa ba. Da an hau titi an ɗan taka, sai ta tashi. Bakanike ya fara maganar a buɗe kan injin a duba gaskit, mai wayarin ya ce shi dai nasa aikin lafiya lau, ga fanka nan kowa na ji. Baba Tsoho ya koma yawo da jarkokin ruwa a bayan mota fiye da kayan fasinja, kuma tsayuwar nan ta safe a gaban mota ya daina ta, ransa bai ƙara ba shi wasa ba. Da ya tayar sai ya ƙura wa allura ido kawai.

A nan ne labarina ya dawo gida, kuma da ƙyar na gane shi. Wata ƙawar Hajja ta zo ta faɗa mata a asirce wai an ce mai ciki kada ta kuskura ta shiga motar nan. Wata ta ce an ji rediyon motar yana magana da wani yare alhali a kashe yake. A wata ruga an ce nonon da ya shiga motar ba ya kwana. Ni shayi kawai na ba Baturen, jama'a suka ƙara masa ƙaho da kofato. Ɗaya bayan ɗaya matan suka janye. Ba su yi faɗa da shi ba, sai dai a aiko yaro ya ce yau an fasa tafiyar. Ranar da ta fi ci mini rai ina kujerar gaba. Akwai wata tsohuwar Bafulatana mai nono da ta fi kowa daɗewa tana shiga motarsa, kullum a gindin wata tsamiya take jiransa. Muka hango ta, ya rage gudu yana murmushi, sai ta juya mana baya tana gyara faifan ƙwarya kamar ba ta gan mu ba. Muna wucewa na waiga na ga ta tsayar da ɗan acaɓa, tsohuwa da ita, ta hau da ƙwarya a ka. Baba Tsoho ma ya gani, ta madubin gefe. Haka muka dawo gida da kujeru wayam.

Ya san daga inda abin ya fito, garin gaba ɗaya ya sani. Bai dake ni ba, bai yi mini faɗa ba, bai ma kai ƙarata wajen babanmu ba. Abu ɗaya ya yi, ya daina kirana Gidan Rediyo. Ya koma kirana da sunana na yanka, cikin ladabi, kamar wata baƙuwa. Na gwada tsokanarsa da maganar tsohon kaset, ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ci gaba da jan carbi. Da bulala ya sa mini da ta fi sauƙi. Ana cikin haka Baffa ya zo da wasu 'yan gwangwan su biyu su ga motar. Suka zagaya ta suna ƙwanƙwasa ƙofofi, ɗaya yana cewa ƙarfen da ne, zai yi nauyi, kamar masu taya bijimi a kasuwa. Baba Tsoho yana zaune a dakali yana kallonsu. Baffa ya ce masa a hankali, ga mota ba lafiya, ga fasinja babu, me ya rage? Da yamma kuma gabas ta fara haɗa hadari tana watsewa. Kowa a garin addu'ar ruwa yake, ni kaɗai nake kallon sama ina roƙon a ɗan jinkirta.

Hajja ce ta kawo ƙarshen abin, ba tare da ta nufa ba. Ita Babarbariya ce, haɗa turaren wuta sana'arta ce tun tana budurwa, kuma a wajenta babu abin da hayaƙi mai kyau ba ya gyarawa, daga ɗakin amarya har zuwa zazzaɓi. Wata safiya ta fito da kasko cike da garwashi ta ce za ta turara motar. Baba Tsoho ya ce ashe ita ma ta bi sahun masu aljani. Ta ce ita ba ta ce akwai ba, ba ta ce babu ba, in akwai ya fita, in babu ko warin ɓera ya ragu. Ya ce to wuta dai ba za ta shiga motar da ke ɗauke da fetur ba, sai dai a ajiye kaskon a ƙasa ta gaba, shi zai tayar da ita ta shaƙi hayaƙin da kanta. Hajja ta ce ni da na kawo baƙon ni zan raka shi, ta sa na tsuguna tsakanin kaskon da hancin motar, ta ɗan matsar da shi gefe, ta zuba turarenta mai tsada har da wasu saiwoyi da ban san sunansu ba. Hayaƙi ya miƙe sama, fari, mai kauri.

Baba Tsoho ya murɗa makulli, fanka ta ɗauki gurnaninta. Maimakon hayaƙin ya shige cikin motar, sai ya kwanta ya yi waje, wata iska mai ɗumi ta bugo ni a fuska, toka ta tashi ta cika mini ido da hanci. Na faɗi zaune ina tari. Kuma kun san hali, an ce zanen dutse ne. Duk da makonnin da na yi ina nadama, bakina ya riga ni, na ce wayyo Hajja, Baturen ya ce turarenki bai yi masa ba, ga shi yana tofo shi. Hajja ta ɗaga mafici za ta sauke mini, sai muka ji an buɗe ƙofar mota. Baba Tsoho ya fito bai ko sa takalmi ba, ya ce in maimaita abin da na ce. Na ɗauka yau kam dukan ya zo. Ya ture ni gefe a hankali, ya tsaya a inda ya saba tsayawa shekara da shekaru. Babbar rigarsa ba ta manne ba. Baya ta yi, tana kaɗawa tana lafewa a ƙafafunsa, motar tana ture ta. Ya daɗe a tsaye yana kallon rigar, sannan ya ce tun yana saurayi mota jan rigarsa take, yau ga wadda ke tunkuɗe shi. Ya ce mota shaƙa take yi, ba ta furzarwa.

Aka aika a kira mai wayarin. Ya zo yana cewa Baba ai fanka tana yi, ko kurma ya ji. Baba Tsoho ya ce shi ma ya ji, yanzu so yake ya gani, ya nuna masa hayaƙin Hajja da ke gudun motar. Mutumin ya cire hula ya sosa kai, ya ce inna lillahi. Wayoyin fankar biyu ne, ya juya su, ta nan ta koma can, ta can ta dawo nan. Irin wannan fankar kuwa idan aka juya mata waya ba ta ƙin aiki, juyawa take da baya, da ƙararta da komai. Maimakon ta jawo iskar waje ta ratsa lagireto, sai take turo iskar inji mai zafi waje. A tsaye a gareji tana ɗan samun sauƙi, shi ya sa ba ta tafasa a can. Amma da an hau titi, iskar hanya na turowa ciki, fanka na turawa waje, sai su yi karo a tsakiya kamar raguna, lagireto ya zauna ba iska. Kafin garwashin Hajja ya mutu ya kwance wayoyin ya mayar da kowace gidanta. Aka murɗa makulli. Hayaƙin turaren ya lanƙwasa kamar an kira sunansa, ya shige hancin motar ya ɓace. Hajja ta ce to, ba ga shi ba.

Baffa bai yarda da labari ba, ya ce sai ya gani da idonsa, kuma a tudun Roni, kuma da tsakar rana. Ya karɓe mini kujerar gaba, ni da Hajja muka zauna a baya tare da jarkokin ruwa ko da za a buƙata. Ni dai wuyana ya kusa tsinkewa wajen leƙen allura ta saman kafaɗar Baffa. Muka wuce gonaki da aka share ana jiran ruwa, muka fara hawa, inji yana nishi, ga kukar nan da muka saba zama a gindinta tana matsowa. Allura ta ɗan ɗaga, zuciyata ta ɗaga tare da ita, sai ta tsaya a tsakiya ta ƙi gaba. Muka wuce kukar. Muka kai ƙarshen tudun muka fara gangara, iska mai sanyi tana shigowa ta taga. Sai Baba Tsoho ya gyara murya, bai waigo ba, ya ce Gidan Rediyo tana nan kuwa, ko an ɗauke wuta a tashar? Ya ce a sanar da jama'a Bature ya daina shan shayi. Na buɗe baki in ba shi amsa, kuka ya riga fitowa. Baffa ya yi dariya har yana dukan cinya, kuma a daren ranar ne kawai 'yan gwangwan suka ƙara jin ɗuriyarsa, da ya kira su ya ce an fasa. Ruwan farko ya sauka a cikin makon, motar tana ƙofar gida, makulli yana aljihun mai ita.

Da a nan labarin ya ƙare da ban rubuto muku ba. Baba Tsoho ya ce tunda ni na watsa, ni zan kwashe, amma da sharaɗin ba gishiri ko ƙwaya ɗaya, ko da gishirin zai amfane shi. Na bi gida gida ina cewa babu wani aljani, ni na ƙirƙira, wayoyi biyu ne aka juya. Sai a dube ni a ce to, a ci gaba da tsinkar zogale. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya maimaita. Ƙaryata ta yi tafiya har rugagen da ban taɓa takawa ba, gaskiyata ko ƙarshen layinmu ba ta kai ba. Abin da ya karɓu a wajen mata shi ne turaren Hajja ne ya kore shi, har aka riƙa aiko mata a sayi na mota. Wasu sun dawo ta wannan hanyar. Tsohuwar nan mai nono ta dawo, ta shinshina kujera kafin ta zauna, ta ce wa Baba Tsoho ita dama ba ta taɓa yarda ba, ƙafarta ce ke son babur. Amma da yawa sun riga sun saba da wasu motocin, ba su dawo ba. Daminar nan da kakar da ta biyo ya yi ta zuwa Babura da Kanya Babba da rabin kujeru, mota lafiya lau, yana ba ni labarin wadda ta saba zama a nan da wadda ta saba zama a can.

Abin da ban sani ba, shi ma bai sani ba, ita ce shekararsa ta ƙarshe a kan sitiyari. Kafin wata bazarar yanar ido ta rufe masa gani. An yi masa aiki, yana ganin mutum kamar inuwa, amma tuƙi ya ƙare. Wannan ne ke tsaya mini a wuya. Fankar da aka juya ba laifina ba ce, da ni da babu ni sai ta tafasa. Amma da matan nan za su zauna da shi a gindin kuka su jira ta huce, suna yi masa tsiya yana ramawa, kamar yadda suka yi shekaru suna yi idan taya ta fashe. Ni na sa ya yi wannan jiran shi kaɗai. Na sayi dariyar yini ɗaya da watannin da suka rage masa, kuma ba kasuwar da zan je in mayar.

Don haka ga saƙona. Masu mota, idan an canja muku inji kada ku tsaya a kan cewa fanka tana ƙara, ku sa ƙyalle ko 'yar leda a gabanta ku ga ina iskar ta nufa, ku kuma tambayi wayar da ke haɗa inji da jikin mota ko an mayar da ita. 'Yan'uwana masu baki irin nawa kuwa, ban ce ku daina ba da dariya ba, ni ma ban daina ba, jiya ma na ga kyankyaso mai girman kunkuru. Amma kafin ku ɗora labari a kan abin da wani ke ci da shi, ko abin da ke fitar da shi daga gida da safe, ku tuna cewa ku kun san wasa kuke, wanda zai ji daga baki na uku bai sani ba.

Motar tana nan a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, Baffa bai ƙara maganar sikeli ba. Duk ranar Juma'a da safe Baba Tsoho yakan miƙo mini makulli, don ya koya mini tayar da ita. In shiga in murɗa, shi kuma ya taho da sandarsa yana lalube har ya dafa bonet, ya zagaya ya tsaya a gabanta. Ba ya ganin allura yanzu, ba ya ma buƙata. Yakan jira har rigar ta tashi ta manne a hancin motar, sai ya shafa ta da tafin hannu ya ce tana numfashi. Ni kuma in leƙo ta taga in ƙwala wa Hajja kira, in ce ta fito ta gani, har yanzu ba a sakar wa tsohonta riga ba.